Ƙauyen da Muke Amsa Sunansa

Sunan da ke ƙarshen takardunmu sunan wani ƙauye ne a ƙasar Katsina. Ni haifaffen Jidda ne, ban taɓa taka Najeriya ba, amma na taso ina cewa can ne asalinmu. Da girma ya fara kama ni, sai na ƙudurta zuwa neman dangi. Kafin in yanki tikiti na je unguwar Nuzla wurin gwaggona, wadda ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakanmu.

Na tarar tana ɓare tafarnuwa. Na ce, “Gwaggo, gidan wa zan tambaya in na isa?”

Ta ɗago ta dube ni. “Ya waladi, ɗana, ba mu da gida a can. Baba bai san garinsu ba.”

Ta ce yana jariri mahaifiyarsa ta rasu a hanyar hajji, kafin ayarinsu ya kai bakin teku. Wata mata cikin matafiyan ta goya shi, ta ƙetaro da shi, ta raine shi a unguwar Balad ta nan Jidda da sana'ar wankau. Ranar da za a yi masa takarda aka tambaye shi garinsu, sai ya faɗi sunan ƙauyenta.

Na ce ashe tafiyar ba ta da amfani.

“Wa ya gaya maka?” in ji ta. “Je ka gaishe su. Ka ce yaron da 'yarsu ta goya ya tara zuriya.”

Bayan babbar sallah na tafi da dabino da zamzam. Ba wanda ya tuna matar a ƙauyen, amma sun saurare ni har ƙarshe, suka hana ni komawa ranar.