Bahau da Bijimin da Ya Tare Jirgi

A duk faɗin Rogo da Ƙaraye babu taku ɗaya na layin dogo. Shi ya sa mutanen Gwangwan suka kasa gane ta inda son jirgin ƙasa ya shiga jikin Bahauddeen ɗan Malam Lukumanu.

Shi kam ya san ranar. Yana da shekara goma sha tara ya raka kawunsa kai gyaɗa Zariya, sai aka tsayar da motarsu a mashigar jirgi. Kan jirgi mai shan dizal ya zo yana gurnani, yana jan taragu talatin da biyu, ƙasa tana rawa ƙarƙashin mota. Fasinjoji suna ta tsaki an ɓata musu lokaci. Bahau kuwa ya ari biro wajen yaron mota ya rubuta lambar kan jirgin a tafin hannunsa.

Don jirgi ya koyi ɗaukar hoto, amma suna da biki da fasfo su suka ciyar da shi. Mutane suna cewa ba ya ɓata wa ɗan Adam lokaci: "Ku matso, ku dubo nan, shi ke nan." Amma kan jirgi, sai ya yi awa biyar a rana yana jiran haske ya juyo masa daidai. Jirgin fasinja ma bai dame shi ba. A wurinsa wannan ɗan kwalisa ne, na kaya shi ne ma'aikaci.

"Malam," in ji matarsa Barira, ranar da take kakkaɓe akwatinsa, "hoton ƙarfe ya fi ɗari huɗu a nan. Na 'ya'yanka guda bakwai na gani, biyu ma ka yanke musu kai."

"Ai su kullum ina ganinsu," ya ce.

Da shekaru suka ja, jiragen kaya suka yi ƙaranci. Sai Bahau ya ƙulla abota da Shitu, mai tsaron mashigar jirgi a wata 'yar tasha tsakanin Kano da Zariya, tafiyar awa biyu a babur. In Shitu ya ji ƙishin-ƙishin jirgi zai wuce, sai ya buga masa waya. Sau da yawa Bahau ya je ya sha rana ya dawo da hoton dogo tsirara da tumaki suna kiwo a kai.

Wata kaka, bayan wata goma sha huɗu bai ga ko hayaƙi ba, yana tsakiyar ɗaukar hoton suna a Beli waya ta shigo.

"Bahau, yau kam da gaske ne. Siminti ya ɗauko, yana hanya."

Bahau ya bar mai jego da jariri a hannu tana gyara ɗauri, ya haye babur. Ya daɗe da zaɓen wurinsa: wata kwana da 'yar gada, inda jirgi ke fitowa daga bayan itatuwan ɗorawa, rana tana bayan mai ɗauka. Ya kafa kyamara, ya yi azahar a gefenta, ya yi la'asar. Can sai ya ji dogo ya fara tsuwa a hankali.

A daidai lokacin wani makiyayi ya ɓullo da garkensa. Jirgi ya danna hon, shanu suka watse, wani farin bijimi mai tozo kamar tulu ya zo ya tsaya ƙerere a gaban kyamara, yana kallon Bahau ido cikin ido.

"Bawan Allah, kore san nan! Don girman Allah kore shi!"

Makiyayin ya yi wa san magana da Fulatanci, sa bai ko kaɗa kunne ba. "Malam, in ya kafe ko ni ba na iya masa," ya ce.

Bahau ya danna sau ɗaya don takaici. Abin da ya fito: bijimi ya cika hoto, ƙahoninsa sun rungumi sama, can tsakaninsu ɗan baƙin hayaƙi da gefen rufin kan jirgi. Makiyayin, mai suna Sulle, mutumin Kwanyawa ne. Ya leƙa hoton ya ce bai taɓa ganin sansa ya yi kyau haka ba. Bahau ya tattara kayansa ya hau babur.

Kwana uku bai yi wa kowa fara'a a gida ba. 'Yarsa Ummu Hani, mai karatun jinya a Kano, ta zo hutu ta ga hoton, ta yi dariya har da hawaye, ta ɗora shi a shafinta. Kafin Juma'a hoton ya zaga wayoyi. Wani dillali daga Kano ya nemo lambar Bahau.

"Ranka ya daɗe, san nan na sayarwa ne?"

"Ni jirgi na ɗauka."

"Wane jirgi?"

Dillalin ya bi sawu har Kwanyawa, Sulle ya sayar masa da bijimin da daraja, bai taka kasuwar kara ba. Daga nan labari ya bazu a rugage cewa akwai wani mai hoto a Gwangwan, in ya ɗauki dabba ƙiba take ƙarawa. Makiyaya da masu kiwon turka suka fara sallama tun da hantsi. Bahau ya ƙi, ya sake ƙi, har Barira ta tuna masa rufin ɗaki yana yoyo. Abin haushin, ya ƙware. Shekaru talatin na jiran haske da sanin inda ake tsayawa a ɗauki abu mai nauyi, duk sun tafi a kan tozo da gindin wutsiya. Ya sake rufi, ya sayi kyamarar da ya daɗe yana mafarki, aka daina ce masa Bahau jirgi, aka koma Bahau na shanu.

Saura kwana goma Babbar Sallah, raguna sun yi layi a ƙofar gidansa, Shitu ya sake kira. Bahau ya dubi layin, ya ce wa masu raguna su dawo gobe, ya tafi.

Wannan karon jirgi tsayawa ya yi a tashar, yana jiran a ba shi hanya. Bahau ya ɗauke shi gaba da gefe, babu abin da ya gifta. Sai ga direban, wani dattijo mai furfura, ya sauko yana goge hannu da tsumma. Shekaru Bahau yana ɗaga wa direbobi hannu daga nesa, bai taɓa magana da ko ɗaya ba. Ya rusuna ya gaishe shi.

"Sannu da aiki, ranka ya daɗe. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Sunana Abdulsalami. Shitu ya ce kai ne mai hoton san nan?"

Bahau ya ce, "Ni ne."

"Madalla! Ina da raguna huɗu a Zariya, na rasa mai saye. Ko za ka taimaka?"

Bahau ya dubi matakalar hawa kan jirgin da ke bayan dattijon. Sannan ya ce zai je, amma a bar shi ya hau ya ga ciki. Malam Abdulsalami ya ce wannan ai ba komai ba ne.

Ciki zafi ne da warin mai, ga kujera ta yage an ɗaure ta da roba, ga butar shayi a rataye. Bahau ya ɗora tafin hannu a jikin ƙarfe, ya ji inji yana bugawa har cikin haƙoransa. Ya tsaya haka har aka ba da hanya. Sai da ya sauko, taragu suna wucewa, ya lura kyamara tana rataye a wuyansa da murfinta a rufe, bai ɗauki hoto ko ɗaya a ciki ba.

Ranar Asabar ya tafi Zariya. Ragunan ramammu ne, ɗaya ma gurgu, amma ya jira rana ta karkata, ya durƙusa ya ɗauke su daga ƙasa. Kafin Talata an saye uku.