Murhun da Ba Ya Barin Garwashi

A Kanya Babba, in ka ji an ce a kira Inna Shatu, to wata ta sauka lafiya ke nan. Ba ungozoma ba ce, ita wankan jego ne aikinta. Ta ɗora rabin ganga a kan duwatsun murhu, ta tafasa ruwa da ganyen darbejiya, ta gasa mai jego sai ta ce wayyo, sannan ta kwashi garwashin a kasko ta tura ƙarƙashin gado, ɗaki ya ɗumame. Matan da ta wanka, wallahi ita ma ba ta san iyakarsu ba.

Sai dai ita maza ta yi ta haifa, matansu kuwa gidan iyayensu suke tafiya wanka. Mace ɗaya tak Allah ya ba ta, autarta Rahamatu, mai aure a Kazaure. Duk burin Shatu a duniya shi ne ta wanki 'yarta a gidanta, da hannunta, har a yi arba'in.

Da cikin Rahamatu ya tsufa, uwar mijinta Hajiya Saude ta so a bar ta a Kazaure, wai haihuwar za ta faɗo tsakiyar sanyi, ga asibiti kusa. Shatu ta ce atafau. Ita da ta raini jegon rabin gari, a ce nata ne zai gagare ta? Aka bar mata.

Saura itacen wanka, wanda a al'ada miji ne ke kawowa. To ina itacen? Dajin da ake sarowa ya zama gonaki, gungume mai kyau sai an yi tafiya. Mijin, Muhsin, ya zo ya durƙusa a bakin zaure, kai a ƙasa.

"Inna, ku za ku zaɓa. Ko in nemo itacen komai wuyarsa, ko in saya muku abin ɗora ruwa na zamani. Duka biyun ne ba zan iya ba, ga ragon suna a gaba."

Ranar kasuwar Babura Shatu ta hau mota ta je shagon wani Halliru mai kayan girki. Ya nuna mata hita, ta yi tsaki, rabonsu da wutar lantarki har ta manta. Ya nuna mata tukunyar gas, ta ja da baya tana a'uziyya. Sai ya jawo wani murhun ƙarfe, an shafe cikinsa da yumɓu, bakinsa ɗan ƙarami. Ya tura 'yan kirare, ya ɗora tukunya, kafin su gama gaisawa da mai shagon kusa ruwa ya fara tsuwa.

"Taɓa jikinsa ki ji, Inna," in ji Halliru. "Duk zafin a gindin tukunya yake, ba ya zubar da ko kaɗan."

Ta taɓa, da ƙyar ta ji ɗumi. Kai, matar da hayaƙi ya gama cinye wa ido, ta ga wuta ba hayaƙi! Nan take ta zaɓi babba, ta aika wa Muhsin cewa ya bar wahalar gungume, kara da kirare sun ishe ta.

Rahamatu ta haifi namiji, sanyi kuwa ya sauko kamar da gayya. Safiyar farko ruwa ya tafasa fafal, aka yi wanka lafiya. Shatu ta ɗauko kasko ta sunkuya bakin murhu za ta kwashi garwashi. Toka ce fara fat. Ta tona da cokali, ta sake tonawa, ko ƙwaya ɗaya babu.

Ni dai ban ga laifin Halliru ba, da bakinsa ya faɗa mata. Ita ce ba ta taɓa raba tafasa ruwa da ɗumama ɗaki a ranta ba, don duk rayuwarta wuta ɗaya ce ke yin su biyun.

Ta hura kara a tsohon murhu, ya yi bal ya mutu. Ta sayo gawayi ta hura a ɗaki, Rahamatu ta tashi da jiri da ciwon kai, dole aka fitar. Ta ɗauki kasko ta bi gidajen matan da ta wanka, sannu da zuwa Inna, sannu da zuwa Inna, amma kowa da kara da kashin shanu take girki, abin da aka zuba mata kafin ta iso gida ya mutu. Ta aika wa suruki kuwa? Da wane bakin, ita da ta ce ya bari? Ta tara duk zannuwanta a kan uwa da ɗa, ta zauna tana jin yaron yana tari, ƙirjinsa na kurkur. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a jegon kowa ba.

Ranar suna Hajiya Saude ta shiga ɗakin, ta kama ƙafar jikanta, ta ji ta sanyi ƙalau. Da ma faɗa ta yi, da Shatu ta samu abin cewa.

"Yaya Shatu," ta ce a hankali, "ba raini na kawo miki ba. Sa kunnenki a ƙirjin yaron nan."

Shatu ba ta sa ba, ta riga ta sani. Da hannunta ta naɗe kayan Rahamatu don a koma da ita Kazaure, ta ɗaura mata ƙullin ganye a cikin zane, matan suna cike da tsakar gida kowa ta kau da kai. Ta raka su har bakin mota.

Rahamatu ta leƙo ta taga, hawaye shaɓe-shaɓe. "Inna, to wa zai yi mini wankan yamma?"

Sai da direba ya tayar da mota Shatu ta ce, "Ki gaya musu kar su sirka ruwan da yawa."