Mutanen can ba sa aure ne?

Ina zaune a tsakar gidanmu a Zuru, na tasa hoton wani daji a kwamfuta ina ta tsaki, sai Baba ya leƙo.

Na ce masa bututun gas za mu shimfiɗa daga bakin rijiyoyi zuwa matattara, kuma ni aka ɗora wa zaɓen ƙa'idar da za a bi. Inda gidaje suka yi yawa, dole bututu ya ƙara kauri. Nan kuwa gida uku ne kacal, shi ya sa ogana ya nace a bi mai sauƙin. Ni dai hankalina bai kwanta ba.

Baba ya ƙura wa hoton ido, ya ce, "Ɗiyata, mutanen can ba sa aure ne?"

Na fashe da dariya. Ya nuna bayan gidanmu da sanda. "Can na yi golmo, noman neman auren uwarki. Yau ko akuya ba ta da wurin kiwo, duk gidaje."

Na tura wa oga maganar yadda take. Amsarsa: "Gida ukun nan gobe unguwa ne. Mai kaurin za mu sa. A gaida Baba."

Tun ɗazu Baba yake gaya wa maƙwabta ya zama injiniya!

Ku fa, wace gona ce ta zama unguwa a kan idonku?