Munduwar Keziah

"Ɗauki kwanon nan ki shanye, ko in danne ki in yi miki ɗura kamar jariri!"

"Mama, na ce miki na ƙoshi. Cikin nawa ne ko naki?"

"Nawa ne! Ni na haifi cikin, na haifi mai cikin!"

Amsa ta tsayar da taɓarya a cikin turmi, ta karkata kunne. Katangar da ta raba gidanta da na Keziah ta ƙasa ce, damina ta zaizaye kanta, ko tari aka yi a can sai an ce sannu a nan. Tun suna amare suke maƙwabtaka a wannan ƙauye na bayan Makoda. Ita Amsa kakanninta daga Barno suka zo, turaren wuta take haɗawa. Keziah kuwa 'yar ƙasa ce, 'yar coci, kuma ba a taɓa jin ta ɗaga wa maijego murya ba sai a wannan makon. Maijegon ma autarta ce, Jemima, wadda ta zo gida wanka da ɗanta na fari.

Duk wanda ya san yankin ya san hannun Keziah. Ba ungozoma ba ce, ba ta yanke cibiya. Aikinta yana farawa ne bayan an share jini. Ita ce mai tafasa ruwa da ganyen darbejiya, mai dama kunun kanwa da ke riƙe ludayi a tsaye, mai dafa kauri har ƙashi ya saki. Musulmi da Kirista duk kawo mata 'ya'yansu suke yi, musamman waɗanda iyayensu mata suka rasu. Tana da wata tsohuwar munduwa ta farin ƙarfe. Ranar da maijego ta shigo, sai ta zura mata ita a hannu, tana yawo har gwiwar hannu. Ranar da munduwar ta kama tsintsiyar hannu ta ƙi motsi, sai an shafa sabulu kafin ta fita, to jego ya yi, a zo a ɗauki mace. Matan gidan miji su tare ta a zaure, su mintsini damtsenta, su rangaɗa guɗa, su ce lallai daga gidan Keziah ta fito.

Mutane cewa suke yi tausayi ne ya sa ta wannan aiki. Amsa ta fi su sanin tushen. Munduwar ta uwar Keziah ce. A shekarar farin da aka ci dusa, uwar ta haihu, ba hatsi a rumbu, ba mai dama mata ko ruwan kunu. Keziah tana yarinya ta ga munduwar ta zame daga hannun uwarta ta faɗi ƙasa da kanta, ba a jima ba aka kai uwar da jaririn makabarta a bayan gari. Tun daga nan Keziah ta ƙulla gaba da rama. Ba ta ganin siririyar mace ta ce kyakkyawa ce, sai dai ta tambayi wa ya zalunce ta. Mijinta Lazarus ya rasu ya bar mata gonar gyaɗa da rumbu ɗaya, ta riƙe su da farcenta. Ba ta da kadara a duniya da ta wuce sunan nan nata, kuma tana son sunan, so mai tsanani, har wani lokaci Amsa kan rasa gane ko matan take kiwo ko sunan.

To, sunan ne yanzu yake rataye a kasuwar Makoda, a ƙofar shagon wani tela.

Ranar suna, Uzairu ɗan Amsa, mai shagon hoto a Rijiyar Zaki, ya zo gida ya ɗauki Jemima cikin leshi ruwan zuma. Wata mai sayar da leshi a birni ta ga hoton, fuskar ta yi mata, ta nemi izinin yin talla da shi. Jemima ta amsa da rawar jiki. Da hoton ya dawo, an buga shi ƙato a jikin leda, kuma ya shiga wayar kowa. Fuskar dai ta Jemima ce, amma wuyan ya zama na balbela, damtsen kamar karan dawa, ƙugun kuwa yaro ma ya zagaye shi da tafin hannu biyu. Kumatun da Keziah ta fara ginawa an kwashe su tas.

A birni wataƙila an ce ta yi kyau. A nan kuwa, inda kowa ya tashi da sanin cewa abin da ya tsaya gaban kyamara shi yake fitowa, mata sun tsaya gaban shagon tela suna tafa hannu. Wata ta ce tarin fuka ne. Wata ta rage murya ta ambaci ciwon da ba a faɗar sunansa. 'Yan Zumuntar Mata suka saka Jemima a addu'ar marasa lafiya ranar Lahadi, Keziah tana zaune a benci na gaba. Sai ga saƙo daga Dokas, uwar Joel mijin Jemima, cewa ranar Laraba za ta zo ta ɗauki surukarta da jikanta, ta ƙarasa jegon da kanta, tunda hatsi ya ƙare a wani gidan. Ba a taɓa ɗauke maijego daga hannun Keziah kafin munduwa ta kama ba. Yau ce Larabar.

Amsa ta kalli gindin katanga. Akwai rariya a wurin, wadda ruwan wankin gidan Keziah yake bi ya ratsa tsakar gidanta. Kwana da kwanaki ke nan ba ruwan wanki kaɗai ke biyowa ba. Kunu ne mai kauri, har da man shanu yana kyalli a kai, agwaginta kuwa sun yi ɓul-ɓul, da ƙyar suke ɗaga ƙirji. Ta san mai zubarwa, ta kuma yi shiru. Ta gaya wa kanta cewa ba ta shiga tsakanin uwa da 'ya. Gaskiyar ita ce ɗanta ne ya yi aika-aikar, kuma can ƙasan zuciyarta akwai wani ɗan wuri da ya ji sanyi da aka wayi gari ana taɓa Keziah, matar da kullum ake yabo alhali ita ba a tuna ta sai za a yi biki.

"Amsa!" Kan Keziah ya leƙo ta saman katanga, ɗankwali a karkace. "An ce ɗanki ya kwana a gida. Turo min shi, ya zo da abin tsafin nasa."

Uzairu ya shiga gidan yana sosa ƙeya, uwarsa a bayansa. Jemima tana zaune a bakin ɗaki, ta lulluɓa da babban mayafi duk da zafin da ake yi, jaririn yana ta tsala kuka a cinyarta.

"Ina kwana, Inna."

"Riƙe gaisuwarka. Nuna min 'yata."

Ya buɗe wayar, ya nuna mata hoton farko. Ga Jemima nan cike da leshinta, kumatu kamar a taɓa jini ya fito. Ya ja yatsa, na biyu ya bayyana. Ya mayar, ya sake ja. Keziah tana kallon 'yarta tana kumbura tana sacewa a ƙarƙashin yatsan yaron da ita ta yi wa uwarsa jegonsa.

"Inna, ba wani abu ba ne fa, editin ne kawai, gyaran hoto. Hajiyar ce ta ce kwastomominta ba sa son kaya a jikin mai ƙiba, wai leshin ba ya zubowa. Kowa haka yake yi. Ɗan rage ta kawai na yi."

"Ɗan rage ta." Keziah ta maimaita a hankali, sannan muryar ta fashe. "Ka san itacen da na faskara? Ka san sau nawa hayaƙi ya rufe min ido a kan naman da ka kankare da ɗan yatsanka mai kama da tsinken tsire? Ina ka kai shi? Ina naman 'yata, Uzairu? Ka soya ka ci ne?"

"Wallahi Inna, a Kano har tambaya ake wace ce, wai ko daga waje take."

"Daga wajen kabari! Matan da ke sayen leshin, haka suke? Ita Hajiyar taka haka take?"

Uzairu ya dubi ƙasa. "A'a, ita kam kujera biyu take biya a mota."

"To ka ji! Ta cika cikinta, ta aiko a yunwatar da tawa a takarda."

Amsa ta so ta yi dariya, sai idonta ya faɗa kan jaririn. Yana kama nono yana saki, yana kuka irin na wanda ya tsotsa bai sami komai ba. Dariyar ta koma.

Ƙarar babur ta tsaya a waje. Dokas ta shigo ba ta jira an amsa sallamarta ba, doguwar mace da jakar hannu a hammata, ɗan acaɓan yana jiran ta a ƙofa.

"Maman Jemima, mun same ku lafiya? Ba zama zan yi ba, hadari na haɗowa."

"Maman Joel, da kin zauna kin ga ƙarya da idonki." Keziah ta fizge wayar ta miƙa mata. "Ga 'yata ta gaskiya, ga kuma wadda wannan ɗan ya ƙera."

Dokas ta kalla, ta taɓe baki. "Ni ban san wayar zamani ba. Wanda ya iya ragewa ai ya iya ƙarawa. Mutum nake so in gani."

"Za ki gan shi. Jemima, tashi! Yaye mayafin nan ki ɗaga hannu, surukarki ta ga aikina."

Jemima ba ta motsa ba. Keziah ta taka da kanta ta fizge mayafin, ta kama hannun ta ɗaga sama kamar mai nuna wanda ya ci dambe.

Munduwar ta sulale daga tsintsiyar hannu, ta wuce gwiwa, ta tsaya a damtse.

Ƙashin wuyan Jemima ya fito, zanen ta ninka shi ya kusa zagaye ta sau biyu. Ba ta kai ta hoton ba tukuna, amma kowa ya ga inda ta nufa. Keziah, da ta yi makonni tana faɗa da leda a kasuwa, ba ta tsaya ta dubi abin da ke ƙarƙashin mayafi a ɗakinta ba.

"Ina kunun da nake ba ki?" in ji Keziah.

"Agwagina ne suka sha," in ji Amsa, kafin ta san ta buɗe baki. "Ta rariya."

Keziah ta yi mata wani kallo da ya ce za su haɗu daga baya, ta juya kan 'yarta. "Don me? Don Allah, don me?"

Jemima ta ɗago, idonta a bushe, ba ta dubi uwarta ba sai surukar. "Mama, ki tambayi ɗanki. Tunda ya aure ni bai taɓa ɗora hotona a wayarsa ba. Da na yi ciki cewa ya yi na zama buhun gero. Ran da hoton nan ya fito, shi ya fara sa shi, ya rubuta matata a ƙasa, abokansa suna ta yi masa barka. Bai ma lura ba ni ba ce. Kuna so in koma masa a buhu, ya riƙa kallon waya yana kallona?"

Dokas ta gyara jakarta, kunya ta ɗan taɓa ta, amma ba ta zo don ta koma hannu wofi ba. "Joel yaro ne, zan ja masa kunne. Ke dai ɗauko kayanki. Gari ya riga ya ga hoto, yanzu ni ma na ga munduwa."

Amsa ta san abin da zai biyo baya. In babur ɗin nan ya ratsa kasuwa da Jemima a baya, gobe ba mai sake kawo wa Keziah ko akuya ta yi mata jego. Ta dubi maƙwabciyarta, tana jiran ta ga ko sunan za ta yi wa kuka.

Keziah ba ta yi kuka ba. Ta karɓi jaririn ta saɓa a kafaɗa, ta ɗauki kwanon kunun da ya huce ta dangwara a cinyar Jemima. Ta tura Uzairu waje da gwiwar hannu, ta bi bayan Dokas, wadda ta riga ta nufi ƙofa, har zaure kamar mai rakiya. Da Dokas ta taka waje ta juyo tana jiran surukarta, sai ta tarar Keziah ta cika ƙofar, ƙafa a wannan gefe, kafaɗa a wancan.

"Maman Joel, ki gaya wa gari abin da kika ga dama, ki ce hannuna ya mutu. Matar da ɗanki yake so tana can rataye a shagon tela. Ki biya ki kwance masa ita, ba ta ci, ba ta sha, ba ta da nauyi a babur, ya ba ta ɗansa ta shayar. Wannan ta cikin gida kuwa ni na haife ta, kuma ba za ta fita ta ƙofar nan ba sai an nemo sabulu."