Hannayen Kawu Mai Garaya

A shekarun farko na Shari'a ni tela ne a cikin garin Daura, bango ɗaya ya raba shagona da na wani abokina mai ɗaukar bidiyon biki. Tare muka tashi, don haka na san kansa da motsi tun kafin gari ya sani. Bikin aure da na suna ke ciyar da shi, amma ba ya ƙaunar aikin ko kaɗan. Da ya samu ragowar kaset sai ya saɓa kyamara a kafaɗa ya tafi ɗaukar abin da ba wanda ya aike shi: inuwar akuya a jikin katanga, guga yana sauka rijiya yana hawowa, ƙafafun mutane a ƙofar masallaci suna laluben takalma. Ya jona bidiyo biyu ya harhaɗa, ya kira mu kallo. Ba labari, ba jarumi, ba waƙa. Muna zaune muna jiran a fara fim sai ya kashe talabijin ya ce ai an gama. Ni dai ina zaginsa, amma ban taɓa ƙin zuwa ba.

Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, makaɗin garaya ne tun yana saurayi, kuma yawancin kiɗansa na 'yan bori ne. Da aka ƙaddamar da Shari'a ni ma ina cikin masu kabbara, har muryata ta dushe, kuma har gobe ban yi nadamar wannan ba. Sai dai ban yi tunanin Kawu ba a ranar. A unguwarmu wasu samari suka kafa kwamitin gyaran tarbiyya, suka sa aka tara makaɗa a zauren mai unguwa. Kawu ya miƙa garayarsa da hannunsa, ya ce ya tuba. Mai unguwa ya gaya masa a gaban kowa cewa ya zauna lafiya a gidan ubansa, amma ranar da ya koma kiɗa zai bar unguwar. Daga nan Kawu ya kasa albasa a ƙofar gida, ya zama mutumin sahun farko a masallaci.

Wata rana abokina ya shigo shagona idanunsa na ƙyalli, irin ƙyallin da na san ba ya ƙarewa da alheri.

"Kai, tela," ya ce, "ina son ka ɗinka mini baƙin yadi mai faɗi, ka huda rami biyu a tsakiya, daidai shigar hannu."

"Wa za mu binne?"

"Kawunka zan ɗauka yana kiɗa."

Na tsayar da keken ɗinki. Na ce masa in shi ya gaji da zaman Daura, Kawu bai gaji ba. Ya ce in saurara tukuna. Ba garaya, ba sauti, ba fuska. Kawu zai tsaya a bayan yadin ya zuro hannayensa kawai, ya yi kiɗa a iska, shi kuma zai zare wayar sautin kyamarar gaba ɗaya. Ya ce makaɗan nan suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, wata rana ba wanda zai san yadda yatsunsu ke tafiya. Ya tambaye ni wace doka ce ta hana mutum motsa yatsunsa. Na koma taka keken ɗinkina cike da haushi.

Da muka je masa da maganar na zaci Kawu zai kore mu. Ya daɗe yana juya albasa ɗaya a hannu, sannan ya ce, "Ɗan nan, ka tabbata ba abin da zai yi ƙara?" Abokina ya rantse. Kawu bai ce to ba, bai ce a'a ba, amma washegari da hantsi sai ga shi a shagona ya sa wankakkiyar riga, alhali an gaya masa ba za a ga rigar ba.

Muka tura ƙofa muka rataya yadin. Hannayen suka fito ta ramukan, suka tsaya a sake kamar wankin da aka shanya. Har na fara dariya. Can sai na hagu ya ɗaga ya damƙe sandar garayar da babu ita, na dama ya sauko daidai inda cikin garaya yake zama, suka fara. Dariyar ta maƙale mini. Ban taɓa ganin abu mai ban tsoro irin wannan ba, hannaye biyu ba mai su, suna gudu suna tsayawa suna komawa, ɗakin kuwa tsit sai kukan kaset a cikin kyamara. Abokina yana ɗauka bakinsa a buɗe.

Da Kawu ya fito daga bayan yadin gumi ya jiƙa wankakkiyar rigar sharkaf. Ya sha ruwa, ya dube mu ya ce, "Abu ɗaya. Kada mace ta ga wannan." Muka tambaye shi dalili. Ya ce kowace iska da takenta, kuma matan da suka yi shekaru suna zama a gabansa sun san taken nasu a yatsunsa kafin kunnensu ya kama. Abokina ya ce ya ɗauki alkawari, kuma Allah ya sani ya yi niyyar cikawa.

Abin da ya manta shi ne talabijin ɗin shagonsa ƙofa take fuskanta. Bayan 'yan kwanaki yana zaune da rana tsaka yana harhaɗa fim ɗin, ya ba ƙofa baya, sai wata dattijuwa ta zo karɓar kaset ɗin bikin jikarta. Kowa ya san ta da bori a da, amma ta daina, tana zuwa Islamiyyar matan aure da hijabinta har ƙasa. Ina ɗinki na ga ta yi sallama ta tsaya a bakin ƙofarsa. Ba ta shiga ba, ba ta juya ba. Na ga kafaɗunta sun fara rawa. Kafin in miƙe ta ƙwalla wata ƙara da ba muryarta ba, ta yi tsalle ta faɗo da mazaunai a tsakiyar titi, ta sake tashi ta sake faɗowa.

Kafin ka ce me, titi ya cika. Mata suka rufe ta da zane, wani yana tofa mata addu'a, har ta yi atishawa ta dawo hayyacinta tana kuka tana istigfari. Samarin kwamiti suka iso suka shiga shagon. Hannayen na nan a talabijin suna ta yi, don abokina ya ruɗe bai kashe ba. Ba wanda ya tambayi hannayen wane ne, kowa ya gane. Suka zare kaset ɗin suka tafi da shi ba tare da sun ɗaga murya ba, kuma shirun nasu ya fi ba ni tsoro.

Kwanakin da suka biyo baya ba abin da ya faru, wannan ne ya hana mu sukuni. Albasar Kawu ta fara tsiro a faifai, ba mai saya. Masu gaishe shi suna tambayar iyali da gajiya suka koma ɗaga hannu daga nesa. A masallaci wanda ke kusa da shi sai ya ɗan matsa. Mahaifiyata ta daina yi mini magana sai ta dole. Abokina kuwa kullum yana shagona yana maimaita mini hujjarsa, ba garaya, ba sauti, ba fuska, har na ce masa in ya sake faɗa zan ɗinke masa baki.

Ranar da aka kira mu zauren mai unguwa bayan la'asar, aka sa abokina ya kawo talabijin da bidiyo da janareta. Mai unguwa tsoho ne, sa'an Kawu, tare suka yi samartaka, kuma daga yadda ya amsa gaisuwarmu na gane yana neman hanyar da zai kashe maganar. Liman na gefensa, samarin kwamiti na zaune a jikin bango.

"Ranka ya daɗe," in ji abokina, "a ƙure sautin har ƙarshe. In aka ji ko da ƙyas, a yi mini duk abin da aka ga dama."

Aka ƙure. Hannayen suka fito suka fara, ba abin da ake ji sai gurnanin janareta a waje. Shugaban samarin ya ce ai ga abin da ya jawo wa baiwar Allah a titi. Liman ya yi gyaran murya ya ce shi dai a iya karatunsa bai ga inda aka hukunta mutum don ya kaɗa yatsu a iska ba, matar kuma a nema mata addu'a. Na ji wani sanyi ya sauko mini. Na dubi Kawu, kansa na ƙasa.

Sai na lura samarin sun daina kallon talabijin, suna kallon wani wuri. Na bi idonsu. Ƙafar mai unguwa ce a kan buzu. Babban yatsanta yana dukan fatar, yana tsayawa inda hannayen suka tsaya, yana tashi inda suka tashi, shi kuwa idonsa na kan talabijin bai sani ba. Ɗaya daga cikin samarin ya ce a hankali, "Ranka ya daɗe, ƙafarka."

Tsohon ya sunkuya ya gani. Ya ja bakin rigarsa ya rufe ƙafar. Na ga kunya ta rufe shi a gaban yaran da ya haifi iyayensu, kuma a nan na san mun rasa, don ba yadda zai yi sassauci bayan wannan. Ya ce a kashe. Sannan ya ce wa Kawu, ba tare da ya dube shi ba, "Kiɗa ne. Ka san alkawarin da muka yi."

"Na sani, ranka ya daɗe," in ji Kawu.

A tsakar ƙofar zauren aka zare zaren kaset ɗin aka cinna masa ashana. Abokina ya durƙusa yana roƙo a kore shi shi maimakon Kawu, ba wanda ya tanka masa.

Ni na ɗauki Kawu a babur zuwa wajen wasu danginmu a tsallaken iyaka. Kayansa ƙullin tufafi ne da buta. Tun daga ƙofar gidan ubansa har Kongolam, garin bakin iyaka, bai riƙe ni ba, ƙarfen bayan babur ya damƙe da hannu biyu. Na so in ba shi haƙuri, na rasa ta inda zan fara. Aka ɗaga mana sandar kan iyaka muka wuce. Mun ɗan yi nisa a cikin yashi sai na ji ya saki ƙarfen. Hannunsa na hagu ya kama kafaɗata, na dama ya sauka a tsakiyar bayana, yatsun suka fara tafiya. Ban waiwaya ba. Na rage gudu, don garin da zan ajiye shi ba shi da nisa.