Layi na Uku a Fom Ɗin Injiniya

Injiniya muke ce masa, ko da yake bai taɓa riƙe takardar injiniya ba. Ajinmu ɗaya a kwaleji, shi ne ma yake fahimtar da mu lissafi idan malami ya gama rikita mu. Saura wata huɗu jarrabawar ƙarshe mahaifinsa ya rasu ya bar masa ƙanne biyar, sai ya tattara littattafansa ya kama gyaran wutar lantarki. Mu kuwa muka karɓi kwalayenmu, muka ajiye tumbi.

Da muka kafa ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, kullum shi yake riga kowa zuwa taro. Manyanmu sukan ba da gudummawa ne in akwai mai ɗaukar hoto a kusa. Shi kam duk Asabar yana kan tsani a azuzuwan kwalejin, sukudireba a baki, yana kwance fanka ko canza wayar da ɓera ya ci. Shekara tara a haka, ko kuɗin mota bai taɓa karɓa ba.

Bara muka buɗe tallafin karatu domin 'ya'yan tsofaffin ɗalibai. Ni ne sakatare, ni na tsara fom ɗin, ni kuma na sa layi na uku: “Shekarar da mahaifi ya kammala.” Wallahi ban kawo komai a raina ba, daga wani tsohon fom na kwafo.

'Yar Injiniya ta fari ta samu gurbi a kwalejin, kuma in ba da tallafin nan ba, ba ta da hanyar shiga. Ya karɓi fom ɗin, ya cike ko'ina da kyakkyawan rubutunsa, ya bar layi na uku fayau.

A zaman tantancewa shugabanmu, wani lauya mai ritaya, ya ɗaga takardar da yatsu biyu.

“Wanda bai kammala ba ai ba tsohon ɗalibi ba ne,” in ji shi. “Mu muka yi ƙa'idar, ba mu za mu fara karya ta ba.”

Aka ture ta gefe. Duk wanda ke teburin nan ya san ko wane ne, amma muka yi tsit, har da ni. Wannan shirun har yau yana ci mini rai.

Ranar Asabar na same shi a ɗakin gwaje-gwaje yana ɗaura soket. Na miƙa masa sabon fom da biro.

“Mutumina, rubuta shekararmu kawai. Wa zai bincika?”

Ya goge hannu a wando, bai karɓa ba.

“Sakatare, yarinyar tana zaune kusa da ni na cike na farkon. Ta san ban gama ba. Me zan ce mata?”

“To ka bari in sake yi musu magana.”

“Rajista jibi za a rufe.”

Haka aka rufe ba ita. Yanzu tana tsaron wani shagon sayar da magani, tana cewa baɗi za ta sake nema.

Bayan mako biyu da rufe rajistar ya zo ofishina ya ajiye makullin siton kayan gyaran kwalejin a kan tebur. Ba faɗa, ba ɗaga murya.

“Fankar aji na shida tana ƙara, a sa wani ya duba kafin ta faɗo wa yara,” ya ce. Ya kai bakin ƙofa sannan ya juyo. “Dama tambaya ɗaya nake da ita. Duk shekarun nan da nake zuwa, a matsayin wa kuka ɗauke ni?”

Ya ɗan jira, sannan ya ja mini ƙofar a hankali.