Dattijo da Ruwan da Ya Shiga Mota

Allah da Ya ba mu aron Dattijo Ya karɓi abinSa ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, a gadon asibiti, bayan jinyar wata biyu. Babbar 'yarsa ce ta kira ni. Ina tsaye a bakin sito ana sauke mini rodi, na bar leburori da aikinsu, na shiga ofis na rufe ƙofa. Kafin la'asar mun kai shi makwancinsa. Yau kwana tara ke nan, ban iya yin wani aikin kirki ba.

Ga wanda bai san shi ba, Dattijo direbana ne na shekara goma sha ɗaya. Sunan ma a tasha aka laƙaba masa tun yana saurayi, wai don ba ya gudu kuma ba ya faɗa. Ni ba marubuci ba ne. A aji uku na sakandare na ajiye biro na kama tallar ƙusa, kuma ba na jin kunyar faɗa, don babu wanda ya ɗaga ni sai Allah sai gumina. Amma akwai wani laifi da na ɗora wa mutumin nan a gaban jama'a, ya bi shi har kabari, kuma ni kaɗai zan iya sauke masa shi. Shi ya sa na zauna rubutun nan.

Dattijo, ka tuna yadda muka haɗu. Na sayi babbar motata ta farko, irin wadda ake buɗe wa ƙofar ma'aikata ba a tambayi mai ita ba. Na iya tuƙi, na shekara bakwai ina jan a-kori-kura, amma wannan ko ramin makulli ba ta da shi. Aka kawo mini kai aka ce ka yi wa shugaban wani kamfani tuƙi shekara ashirin. Na ce ka zauna a gefe tukuna, ni zan ja ka ga yadda nake so a riƙe mini mota. Muna tsayawa a danja injin ya ɗauke. Na fara zagin dillalin da ya sayar mini, har na rantse a ranar zan mayar masa da kayansa. Ko kallona ba ka yi ba, ka ce, “Alhaji, ba mutuwa ta yi ba, hutawa take. Ɗaga ƙafarka daga birki.” Na ɗaga, ta tashi. Har yau ban taɓa jin labarin nan a bakin kowa ba.

Haka Dattijo ya koya mini motar, ba tare da ya nuna koyarwa yake ba. Littafin da ke zuwa da mota, wanda duk mu masu manyan motoci muke bari a ledarsa, shi ya cinye shi da tabarau a ƙarƙashin rumfar ajiye motoci. In zai nuna mini abu sai ya bari babu kowa, ya yi shi a hankali sau biyu, yana magana kamar da kansa yake. Ta haka na san cewa ɗan kibiyar da ke gefen alamar mai tana nuna ɓangaren da bakin tanki yake, ni da nake leƙa kai ta taga a gidan mai kamar baƙo. Ta haka na san madubin gefe yana sunkuyawa da kansa in ka sa baya, don ka ga kwata kada ka goge ƙarfen taya. Ƙofa kuwa na daɗe ina maka ta da ƙarfi irin na a-kori-kura. Duk na maka sai in ga kafaɗarsa ta motsa kamar shi na daka. Wata rana dai ya ce in jingina ta kawai, ita za ta ƙarasa aikinta, ai don haka na biya. Kujerar direba tana da maɓalli biyu na tuna zaman mutum. Ya saita na ɗaya da tsayina, na biyu da na matata Hajiya, shi da yake wuni a kujerar kullum da hannu yake gyara nasa.

Akwai ranar da na je taron 'yan kwangila a wani otal ni kaɗai, shi yana hutu. Muka fito da manyan mutane, na danna makulli, mota ta yi shiru. Na danna har yatsa ya gaji. Na kira shi a waya. Abin da ya fara cewa shi ne in juya wa mutanen baya, in ɗaure fuska kamar maganar kwangila nake. Sannan ya sa na zare ɗan ƙarfen makulli da ke ɓoye a cikin na roban, na ɓanɓare wani ɗan murfi a jikin hannun ƙofa, sai ga ramin makulli a ɓoye. Da na shiga ya ce in manna makullin a jikin maɓallin tayarwa in danna da shi, batirinsa ne ya yi sanyi amma motar za ta gane shi. Ta kuwa tashi. Daga baya na riƙa nuna wa abokai wannan dabara kamar da ita aka haife ni, har suna cewa in mota ta rikice a tambaye ni. Yana tsaye yana goge gilashi nake wannan cika baki, bai taɓa ko murmushi ba.

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta fi kowa sanin darajarsa. Da ciwon gwiwa ya kama ta, shi yake kai ta asibiti duk mako. Sai ya sauke motar ƙasa ta durƙusa mata, ya tura kujerar gaba ta miƙe ƙafa, ya kunna ɗumin kujera don bayanta. Takan ce ni na sayi motar amma Dattijo take wa biyayya. Ina dariya a lokacin, amma maganar tana ɗan sukana, ba zan ɓoye ba.

To ga abin da ya faru, shekara huɗu da suka wuce. Na sake sabuwar mota, satinta uku a gida. Abokan kasuwancina biyu suka zo cin abincin rana, mai siminti da mai fenti. Dattijo ya ajiye motar a gindin tagar falo, ya kulle, ya tafi sallah da cin abinci. Ni kuma na ɗauko makulli na biyu daga durowa don in nuna musu yadda ake tayar da ita daga nesa. Suka yaba, na jefa shi a aljihun wando, muka nutse a kujeru muna hira. Hadari ya haɗu, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya wajen awa guda. Da aka ɗauke muka fito rakiya, sai muka tarar da gilasan motar huɗu a ƙasa, har da tagar rufi a buɗe. Ruwa ya kwanta a ƙasan kujeru, fatar ta jiƙe sharkaf, allon gaba yana ta walƙiya da wasu rubuce-rubuce. Mai fenti ya yi salati, mai siminti ya kawar da kai don kada in ga yana dariya.

Daidai nan Dattijo ya shigo da lema. Ban tambaye shi komai ba. A gaban baƙi, da maigadi, da Hajiya da ta leƙo, na ce tsufa ya cinye masa ƙwaƙwalwa, na ce ya saba da motar mutane har ya ɗauka ta ubansa ce. Mutumin da ya girme ni da shekara goma sha biyar. Ya dubi motar, ya dubi aljihuna, ya ce, “Alhaji, in baƙi sun tafi zan yi maka bayani.” Na ce bayanin da zai yi mini shi ne ya ajiye makulli. Ya ajiye a kan murfin injin, ya naɗe lemar ya miƙa wa maigadi don ta gida ce, ya fita.

Da abin ya tsaya nan da da sauƙi. Bayan wata biyu wani babban likita ya kira ni, ya ce Dattijo ya zo neman aiki wurinsa, me na sani a kansa. Na ce mutumin kirki ne, ba ya taɓa kayan kowa, sai dai ya fara mantuwa. Masu manyan motoci ba mu da yawa, duk mun san juna, magana ɗaya tana isa. Babu wanda ya ƙara miƙa masa makulli. Ya ƙare yana jan motar rabon ruwan leda, wadda ko fanka ba ta da ita, a shekarun da ya kamata a ce yana hutawa.

Shekara ɗaya da rabi bayan haka ina zaune a ofis, na jingina da kujera ina waya, ta taga na hango gilasan motata suna sauka su kaɗai, babu kowa kusa da ita. Na tashi tsaye suka tsaya. Na lalubo makulli a aljihu, ashe shi na danne da zama. Na kira bakanike, ya ce ai in ka danne maɓallin buɗewa ka riƙe, gilasai duka sauka suke don zafi ya fita kafin mai mota ya shiga, in ka riƙe na kullewa su koma. Ya ce shi ma Dattijo ne ya nuna masa, ya yi mamaki da ban sani ba. Shekara goma sha ɗaya ina shiga mota da tsakar rana in tarar babu huci, ban taɓa tambayar dalili ba.

Dattijo, tun ranar na sani. Shekara biyu da rabi ina sane. Na sha cewa gobe zan je, gobe ta yi in ce sai na rage aiki. Sau biyu na hango ka a danja cikin motar ruwan nan, hannunka a waje kana fifita da kwali, na sauke labulen gilashi na zauna a bayansa. Na iya tsayawa gaban manajan banki in faɗa masa abin da ke raina, na iya korar ɗan kwangila daga ofis, amma ban iya cewa direbana na yi kuskure ba. Mutumin da ya taso daga tallar ƙusa yana ganin in ya sunkuya sau ɗaya za a tuna daga inda ya fito. Wannan ba uzuri ba ne, gaya maka kawai nake yadda abin yake.

Da na ji ka kwanta na je asibiti da maganar a bakina. Na tarar ka rame, 'yarka tana gefe. Ka yi ƙoƙarin tashi zaune, na hana ka. Ka tambayi Hajiya, ka tambayi yara ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka tambaye ni ko sabon direba yana duba iskar tayar da ke ajiye a baya, don ita ake mantawa sai ranar da aka neme ta. Na ce zan gaya masa. Na zauna minti ashirin muna maganar taya, na ce zan dawo jibi. Jibin nan na tafi duba wani gini, na ce sai mako mai zuwa.

A wurin gaisuwa aka kai ni in yi wa mai ɗakin Dattijo ta'aziyya. Ta yi mini godiyar zuwa asibiti, sannan ta ce in yafe masa ɓarnar da ya yi mini a mota, don har ya kwanta ciwo abin yana damunsa. Ashe ko a gidansa bai faɗa ba. Ya bar matarsa da 'ya'yansa sun tafi a kan cewa shi ya manta. Na buɗe baki, ɗakin cike da mata, na ce babu komai. Ko a nan ma ban iya ba. Na fito na shiga mota na tafi.

Saboda haka nake faɗa a rubuce, inda ba zan iya janyewa ba. Mai siminti, mai fenti, kuna wurin, ku karanta ku gaya wa duk wanda kuka taɓa ba labarin. Likita, abin da na gaya maka a waya ba gaskiya ba ne. Dattijo ya kulle motar nan yadda ya saba. Makullin da ke aljihuna ne ya buɗe ta, ni na zauna a kansa. Bai yi mantuwa ba, ba a ranar ba, ba kuma a wata rana cikin shekara goma sha ɗaya ba.

Ga mai ɗakinsa, da babbar 'yarsa, da ƙannenta, da 'yan'uwa da abokan aikinsa na tasha da na kamfanin ruwa, ina miƙa ta'aziyyata da ta iyalina. Ranar Asabar zan zo gidan da ƙafata in maimaita wannan magana da bakina, in kun yarda ku saurare ni. In ba ku yarda ba, ba ku yi laifi ba, zan tsaya a ƙofa in faɗa in juya.

Allah Ya jiƙan Dattijo, Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa da haske, Ya sanyaya masa makwanci. Yadda ya rufa wa bayinKa asiri a duniya, ya Allah Ka rufa masa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka ba iyalinsa haƙuri, Ka tsaya wa abin da ya bari. Ni kuma ban san ko ya yafe mini ba, don ban ba shi damar ya faɗa ba. Allah Ka sanya ya yafe. Amin.